Zaɓen Farko

Bara mu muka riƙe wutsiyar gasa,
Sha tara aka zura mana, ba wasa,
Mu ko uku muka ci, ɗaya da ƙyar ta isa.
To doka ta ce wanda duk ya sha ƙasa,
Shi za ya fara zaɓen yara bana a Tawa.

Daren Laraba a Bilbis mun cika fada,
Ni ke rubutu, ga biro, ga takarda.
Shayin farko bai sauka ba, ina da shaida,
Arzika ya zabura, ya ture kwanon gyaɗa,
Ya ce: “Ku ba ni yaron nan mai tserewa!

“Zabeiru nake nufi, ɗan Wadata,
Hagunsa in ta saki balo, sai dai ka ji ta.
Na gan shi ran Juma’a bayan tashar mota,
Ya bar ƙarti uku a tsaye suna mita.
Raga ba ta cika da fata, sai da bugawa.”

Nomau, da gwiwarsa ɗaure da tsumma,
Ya ƙyale shi har ya kai aya ya gama,
Ya ce: “Gudu ba ya tare balon sama.
Sha tara, Arzika! Ƙirga da hagu da dama,
Rabinsu da ka aka ci mu, ba mai tarewa.

“A ba ni Hamidin, dogo mai faɗin ƙirji,
Buhun albasa biyu, tambaye shi ko ya gaji.
Ya tare, ya riƙe, ya ba na gaba, ka ji?
Wa ke zuba hatsi a rumbun da ke da huji?
Ginin da ba tushe, ƙarshensa rushewa.”

Agali na fifita gawayi, bai tanka ba,
Har ya zuba na biyu, kai bai ɗago ba,
Ya ce: “Mai gudun, wa zai miƙa masa a gaba?
Dogon in ya ƙwace, wa za ya ba?
Tsakiyarmu rijiya ce, balo ke faɗawa.”

Nan murya ta hau murya, aka tono tsohon bashi:
Wa ya ɓarar da fanaretin Keita, wa ya sa shi,
Wa ya ci kuɗin riguna, wa ya rantse ba shi,
Har maƙwabci ya leƙo ta katanga da fushi:
“Ku ci kofin tukuna, sannan ku hana mu kwantawa!”

Tsahara mai kopto, mai riƙe mana asusu,
Ta zo karɓar kwanoninta, tana tattara su,
Ta ce: “Kun tambayi yaran ina nufinsu?
Uwar Zabeiru ta sai da tumaki biyu cikin nasu,
Kuɗin motar Abijan. Za shi wata mai kamawa.”

Shiru. Gawayi kaɗai ke ƙara.
Na tuna Illa, mai tsaron ragarmu na bara,
Da Nayusa da ya sa mana lamba tara,
Ɗaya na tallan agogo a Ajame, ɗaya Ankara.
Ƙafa ba ta yi mana kaɗan ba, sai mai tsayawa.

Nomau bai yi murna ba, sai ya sunkuya.
Arzika ya ce, murya ƙasa: “Ko wasa ɗaya,
A bar shi ya sa rigarmu kafin tafiya,
Ya tafi da sanin an taɓa zaɓensa gaba da kowa.”

Ga ni a fili yau Asabar, rana ta take,
Yara talatin, rabi ba takalmi, a layi suke.
Takardata na aljihu a ninke,
Suna biyu; ɗaya na soke, na sake, na soke.
Alƙali ya hura usur. Ni ake dubawa.